Tan uku a rubuce daban, tan uku a rairayi daban

Ƙannena masu shirin shiga harkar katako, a 2017 na yi wata sayayya da har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina. Ina da 'yar ma'aikatar yanka katako a kan hanyar Dutsin-ma, injin zarto ɗaya da yara takwas. Gumagumai daga Ondo da Edo suke zuwa mana, kuma da hannu muke sauke su: a jingina sanduna biyu a jikin tirela, a mirgino da igiya, kowa yana salati. Ranar da wani gungume ya kuɓuce ya kusa karya wa yarona ƙafa, na rantse sai na sayi injin ɗaga kaya.

Na tafi Legas na ga wata fokalif tokumbo, wato injin ɗaga kaya mai cokulan ƙarfe biyu a gaba, fenti sai sheƙi, an rubuta tan 3 a jikinta. Ban tambayi kowa ba na biya. Da aka sauke ta a Katsina, wani aminin mahaifina da ya daɗe yana aikin katako a Sapele ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce, "Yaro, a ina za ta taka?" Na ce, "A nan mana, Baba." Bai ƙara cewa komai ba.

Tayoyinta na dunƙulen roba ne, marasa iska, irin waɗanda aka yi don daɓen siminti na cikin sito. Filina kuwa rairayi ne da garin katako. Ran farko da ta ɗauki kaya, tayoyin gaba suka nutse, muka wuni muna haƙa da shebur muna cusa falanki a ƙarƙashi. Injin da na saya don yara su huta, su suka koma tura shi. Mai fili irin namu, ko dai ya zuba daɓe tukuna, ko ya nemi mai manyan tayoyi na iska.

Sai batun lambar nan ta tan 3, wanda ya fi ci mini rai. Kusa da kujerar direba akwai wani ɗan allon ƙarfe da ban taɓa karantawa ba. Shi ya bayyana cewa tan 3 ɗin nan sai in tsakiyar nauyin kayan bai wuce santimita 50 daga gindin cokulan ba. Kaya na matsawa gaba, ƙarfinta na raguwa. To gungume kuwa ba kwali ba ne, mirginawa yake yi zuwa bakin cokali, sai ka ga bayan injin ya ɗaga sama da direba a kai. Gungume maƙata yake so, irin hannun da ke damƙe shi ta sama. Cokali tsirara na falankin da aka jera aka ɗaure ne.

Kuma ku koyi lissafin nauyi, ku daina auna shi da ido. Gungumen iroko ɗanye mai tsawon ƙafa 12 da kaurin santimita 80 yana dosan tan 2, domin ɗanyen itace ruwa ne cike da shi. Obeche mai wannan girman bai kama ƙafarsa ba. Ni da busasshen falanki na saba, shi ya sa hannuna ya yaudare ni. Gungume mafi nauyi da ke shigo maka shi za ka yi wa sayayya, ka bar rara a kai.

Da hunturu ya shigo, ƙura ta toshe matatar iska, robar haidirolik ta fara yoyo. Mako uku ina zarya Kofar Ruwa a Kano ban samu irinta ba. Da a ce na tafi Legas da makanikena lokacin sayen injin, da kuɗin motarsa kawai zan yi asara.

Abin da nake aiki da shi yanzu ba ya burge kowa. Ginshiƙan ƙarfe ne da dogon bim, wato ƙarfen da aka gitta a sama, an rataya cen bulok, abin ɗaga kaya da ake jan sarƙarsa da hannu, mai tan 5 da ke gudu a kan bim ɗin har bakin zarto. Ba ya shan dizal, ba ya jiran wuta. Ranar da tirela za ta zo sai in yi hayar mota mai kuren, wato hannun ɗaga kaya, wadda muke kira Hiab. Ita ma tana da nata sharaɗin: wadda za ta ɗaga tan 5 a mita 2 daga jikinta, in ta miƙa hannu mita 6 ba za ta kai tan 2 ba, kuma ƙafafunta na tokare sai an sa musu katako mai kauri a ƙasa.

Sarƙa ma kada ku yi mata rowa. Wadda ta tsinke aka yi mata walda, ko aka haɗa ta da noti, ba ta sake hawa ƙugiya a wurina. In kun ɗaura sarƙa biyu, kada ku bari su baje sosai, don duk yadda suka kwanta haka nauyin da kowace ke ja yake ƙaruwa, har ya kai ninki biyu. Yaron da na kama a ƙarƙashin gungumen da ke rataye, ranar ya tashi aiki.

Fokalif ɗin na sayar wa wani mai siton shinkafa da faɗuwar da ba na son faɗa. Tana can a kan siminti tana ɗaukar buhuna lafiya lau. Baba in ya zo zumunci har yau sai ya tambaye ni lafiyarta.