Neman littafin da zai koya wa malamin wasan takobi koyarwa

Duk wanda ya shiga neman littafi a kan wasan takobi zai tarar da littattafai da dama, amma mafi yawansu an rubuta su ne domin ɗan wasa, suna nuna masa yadda zai tsaya, yadda zai riƙe takobi da yadda zai kai suka. Littafin da ya mayar da hankali a kan malami, wato mutumin da zai sa rigar kariya mai kauri ya tsaya gaban ɗalibi yana ba shi dama yana kuma hana shi, shi ne mai wuyar samu, kuma shi nake nema tun da na fara horar da yara.

Abin da nake fara dubawa a kowane littafi shi ne ko marubucin ya bayyana abin da hannun malami da ƙafarsa za su yi. A darasin da malami ke yi da ɗalibi ɗaya, malami ne ke tsara komai: ya buɗe wani gefe na jikinsa domin a soke shi, ya danna takobin ɗalibi domin ya ga yadda zai mayar da martani, ya matso ko ya ja da baya domin tazarar da ke tsakaninsu ta sauya. Littafin da ya tsaya a bayanin yadda ɗalibi zai kare hari, bai faɗi irin harin da malami zai kawo da saurin da zai kawo shi ba, ya bar malami a tsakiyar hanya.

A wannan fanni, littafin da na fi amfana da shi shi ne Fencing and the Master na László Szabó, malami daga ƙasar Hangari. Szabó ya yi magana a kan yadda ake koyar da rukunin ɗalibai, da yadda malami zai gano tushen kuskure, domin sau da yawa hannun da ya karkace yana nuna matsalar da ta samo asali daga ƙafa ko daga tazara. Fassarar Turancinsa tana da ɗan nauyi, kamar sauran littattafan da aka juyo daga harsunan gabashin Turai, sai mai karatu ya yi haƙuri da ita. Na biyu shi ne Understanding Fencing na Zbigniew Czajkowski, likita ɗan ƙasar Folan, wanda ya horar da Egon Franke har ya ci lambar zinariya a gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964. Czajkowski ya fi damuwa da yadda ɗan wasa ke yanke shawara cikin ƙiftawar ido, da yadda malami zai shirya atisayen da zai tilasta wa ɗalibi ya zaɓi abin da zai yi, maimakon ya haddace motsi ɗaya yana maimaitawa. Littafin yana buƙatar a karanta shi sannu a hankali, a koma fili a gwada, a dawo a sake karantawa.

Shekarar da aka rubuta littafi ita ma abin lura ce, domin dokokin wasan sun sauya sosai. An fara amfani da na'urar lantarki wajen tantance suka a takobin efe, ɗaya daga cikin nau'o'in takobi uku da ake wasan da su, a gasar Olamfik ta 1936, takobin foyil ya biyo baya a 1956, takobin saba kuma, wanda ake sara da shi ba suka kaɗai ba, sai a ƙarshen shekarun 1980 ya shiga. A shekarun 1990 aka haramta wa masu wasa da takobin saba wuce da ƙafar baya gaban ta gaba, kamar mai gudu, yayin kai hari, don haka tsohon littafi da ke koyar da wannan gudun zai jefa ɗalibi cikin hukunci. Hukumar wasan ta duniya, FIE, wadda aka kafa a birnin Faris a 1913, tana sabunta littafin dokokinta akai-akai, kuma ya kamata malami ya ajiye shi kusa da duk wani littafi da yake karantawa.

Wannan bai sa tsofaffin littattafai su zama marasa amfani ba. The Science of Fencing na William Gaugler ya tsara salon Italiya na gargajiya mataki bayan mataki, kuma ko malamin da ba zai bi wannan salo ba zai koyi yadda ake jera darasi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Epee 2.0 na Johan Harmenberg, ɗan Suwidin da ya ci zinariya a Mosko a 1980, ya tsaya a ɗaya gefen, yana ƙalubalantar yawancin abin da tsofaffin malamai suka ɗauka a matsayin doka. Ina ganin ya fi dacewa da malamin da ya riga ya ƙware a tushe, domin ɗalibin da bai iya tsayuwa ba tukuna, ba shi da dokar da zai karya.