Mako na bakwai: ƙarfe 9 da ya zauna tsakanin kamu da ɗaurin aure

Ƴan uwa masu koyon tsara zane, sallama daga Tawa. Wannan makon ban gwada sabon launi ba, ban sauke sababbin haruffa ba. Kati ɗaya nake ta juyawa tun Litinin, na auren ɗiyar kawuna.

A Canva, manhajar tsara zane, na tsara shi, cikin salula, girman A5, wato milimita 148 a 210. Bisimilla a sama, sunayen iyalai biyu, sai kamu, ɗaurin aure da walima, kowane da lokacinsa da wurinsa. Don kwalliya na sa lokaci a saman sunan kowane taro. Layi tara suka fito, duka a tsakiya, tazararsu ɗaya. A idona ya yi tsaf.

Kafin in kai wurin bugawa na nuna wa inna. Ta ja salular nesa da fuska, ta karanta a hankali, ta ce: "Ɗana, wa ke kamu da ƙarfe 9 na safe?" Ƙarfe 9 ɗin na ɗaurin aure ne. Babu harafin da na rubuta ba daidai ba, amma layin ya zauna tsakanin kamu da ɗaurin aure, bai jingina da kowa ba, sai ta ba wa na sama. Da katin ya fita haka, da wasu dattawa sun rasa fatiha saboda ni. Abin ya tsaya mini a rai kwana biyu.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1923 Max Wertheimer, masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki a Jamus, ya jera ɗige-ɗige a takarda, ya matso da wasu kusa da juna, ya nuna cewa ido kan gan su biyu-biyu tun kafin mutum ya yi tunani. Shi da Kurt Koffka da Wolfgang Köhler ne suka kafa mazhabar da ake kira Gestalt, kalmar Jamusanci mai nufin siffa. Ni dai a kasuwa na fi gane shi. Mai albasar Galmi ba ya zana layi a kan buhun da ya shimfiɗa. Yana tara huɗu nan, huɗu can, ya bar fili tsakani, kai kuma daga nesa ka san kashi nawa ne, ka tambayi kuɗin kashi ɗaya. In ya baje su da tazara iri ɗaya, babu kashi, sai ciniki ya koma daga farko. Layukana tara albasa ce da aka baje.

Gyaran bai ci minti goma ba. Na mayar da sunan taro sama, lokaci da wuri a ƙarƙashinsa, na matse ukun har suka zama dunƙule guda. Tsakanin dunƙule da dunƙule na bar fili ninki biyu na wanda ke ciki, ko ya ɗan fi. Sunayen tarukan uku na ba su kauri ɗaya da launi ɗaya, saboda abubuwan da suka yi kama ido kan ɗauke su dangi ko da sun yi nisa.

Lambar waya ma ta so ta yi ɓarna. Tana manne ƙarƙashin walima, kamar masu zuwa walima kaɗai za su kira. Na sauke ta can ƙasa ita kaɗai. Bisimilla kuwa na ƙara mata fili ta kowane gefe, ba a haɗa ta da jerin lokuta.

Wani abu da ya ruɗe ni a baya, wataƙila ya ruɗe ku: maɓallin da ke ɗaure abubuwa wuri guda a Canva amfaninsa ka ja su tare ne kawai. Mai karatu ba ya ganin ɗaurin. Akwatin da muke son zagaye rubutu da shi kuwa ana ganinsa, amma ba dole ba ne. Na gwada akwati uku, katin ya koma kamar takardar biyan kuɗin wuta, na cire su, fili kaɗai ya wadatar.

Yanzu kafin in aika da komai nakan ƙanƙance ido har rubutun ya dushe, in ƙirga dunƙulen da suka rage. In na ga uku inda nake nufin uku, sai in tura wa kaina ta WhatsApp in duba shi ƙarami, yadda yawancin baƙi za su gan shi.

Inna ta sake karantawa jiya, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Abin da ya rage mini shi ne Faransanci. Kawu yana son kowane layi ya fito da harsuna biyu, don abokan aikinsa na Yamai. Na gwada sa Faransancin ƙarƙashin Hausa, dunƙulen suka kumbura suka cinye filin da na sha wahala na samu. Gobe zan gwada Hausa hagu, Faransanci dama, kowane taro a sahu ɗaya. Wanda ya taɓa tsara kati mai harshe biyu a A5, ya turo mini hotonsa in gani.