Kai ɗaliba Gubi, da abin da na gano a Bauchi

Makon jiya na raka 'yar yayana Bauchi, ta samu gurbin karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mun bi ta Wudil, Birnin Kudu, sai Ningi. Hanya lafiya lau, in ban da wani mai kaki a shinge da ya sa aka sauke akwatin yarinya, ya kuma daka wa wata dattijuwa tsawa don ta ce rana na yi. Sa'ar uwarsa ce fa! Har yanzu abin na ci mini rai.

Kafin a shiga gari ake iske mashigar Gubi, mazaunin jami'ar na dindindin. Ni da na saba da sabon mazaunin Jami'ar Bayero na ɗauka na san fili, ashe da sauran kallo. Duwatsu ta ko'ina, bishiyoyi, gonaki, iska mai sanyi. Yarinya ta kalle ni ta ce, "Baffa, nan ai daji ne." Na ce mata dajin nan shi ne arzikin wurin.

Wani tsohon abokina da ke koyarwa a can shi ya karɓe mu, ya rantse ba za mu kwana a masauki ba. Da safe uwargidansa ta aiko da masa da miyar taushe, irin masar Bauchi da ake labari. Na saye ta kuma a kusa da kasuwar Wunti, kuɗin da zan ba da a Kano a ba ni ta mutum ɗaya, nan ta ishe mu mu biyu. 'Yan acaɓa dai ba su da sauƙi in sun ji harshenka na baƙo, sai ka dage da ciniki.

Abokin nawa ne ya zaga da ni Yalwa, tsohon mazaunin da ke cikin gari, yana ba ni tarihi. An kafa jami'ar a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya. A 1984 aka mai da ita ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai a 1988 ta sake tsayawa da ƙafarta, ɗauke da sunan Firayim Ministan farko, wanda kabarinsa ke nan cikin Bauchi. Yalwa a cike take maƙil, gari ya riga ya kewaye ta.

A Gubi ne ya nuna mini farantan sola a jere, aikin hukumar lantarkin karkara, shirin da ya ba Jami'ar Bayero tashar megawat 7.1 a 2019. Daga nan hira ta koma kan yadda ake jera jami'o'i a yanzu. Ya ce tun 2010 Jami'ar Indonesiya ta fito da ma'aunin GreenMetric, wanda ke auna fili da bishiyoyi, makamashi, shara, ruwa, sufuri, da koyarwa kan muhalli. A 2019 kuma mujallar Times Higher Education ta kawo nata bisa muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Na ce, "Malam, ai wannan shi ne abin da mu iyaye muke tambaya." Ba na sanin yawan takardun da farfesa ya wallafa, amma ina son in san ko akwai ruwa a famfon ɗakin kwanan 'yata, ko fitila na ci da daddare, da yadda za ta je gari ta dawo lafiya. Madatsar ruwan Gubi da ke shayar da Bauchi tana nan kusa, ga rana, ga fili. Wurin da Allah ya ba wannan bai kamata a bar shi a baya ba a irin wannan ma'auni. Abin da ya dame ni ɗaya ne: jami'o'in ne da kansu ke aika bayanan. Da ni ne, sai a riƙa tambayar ɗalibai ma.

Bayan an gama rajista na wuce Gombe ta Alƙaleri. Na leƙa jami'ar jiha da ke Tudun Wada, wadda aka kafa a 2004, na ga shuke-shuke sun samu kulawa. Jami'ar tarayya da ke Kashere kam lokaci bai bari na je ba, washegari da asuba na kamo hanyar gida.