Godiya ga mutanen dogo da duk wanda ya tsaya mini

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, an kammala baje kolin hotunan ma'aikatan jirgin ƙasa da na ɗauka lafiya, an sauke hotuna daga bango, kowa ya koma gida. Ƙafar da maciji ya sara ma ta saɓe, ina takawa ba sanda, sai dai in na daɗe a tsaye ta ɗan tashi. Na gaji liƙis, wayata kuma cike take da saƙonnin da ban amsa ba, shi ya sa na ga gara in yi godiyar a nan gaba ɗaya. Kun bi komai tun daga ranar da labarin saran macijin ya fita har ranar da aka sallame ni daga asibiti, ba sai na maimaita ba.

Bayan Allah, godiyata ta farko ta leburorin dogo ce, masu gyaran layin Kano zuwa Nguru a tsakanin Gagarawa da Malam Madori. Babbansu ya roƙe ni kada in ambace shi, ya ce abin da aka yi don Allah ba a yi masa shela. Na ji, Baba, amma ka gafarce ni, shiru ba zai yiwu ba. Duk wanda ya san wannan layi ya san wanda suke kira Baba Heluma, to shi nake nufi.

Lokacin da kububuwar ta sare ni a ciyawar gefen dogo, babu titi kusa, babu sabis a waya. Wani ya zaro reza zai tsaga wurin, wani ya kawo igiya zai ɗaure mini cinya. Baba ya daka musu tsawa, ya ce ba tsaga ba ɗauri, ya sha ganin yadda hakan ke ƙarewa. Ya zare jar tutarsa daga sandarta, ya jingina sandar a jikin ƙafata, ya naɗe da tutar don kada ƙafar ta motsa. Suka sauke diga da shebur da manyan sifanoni daga 'yar kurar ƙarfen nan da suke turawa a kan dogo, suka bar su nan cikin daji, kayan da su za a tuhuma in sun ɓace, suka kwantar da ni a kai. Biyu na turawa a guje, ƙafafunsu a kan ƙarfen da rana ta gasa, in sun gaji wasu biyu su karɓa ba tare da kurar ta tsaya ba.

A hanya na tofar da yawu na ga jini. Na san dafin kububuwa jini yake hanawa daskarewa, don haka na san abin da na gani. Wallahi tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na fara kalmar shahada, idona na rufewa. Sai Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, kai da ka ce kana son dogo, lissafo mini tashoshi daga Kano." Na fara, Jogana, Zakirai, Ringim, Taura, Gagarawa. In na yi shiru ya ce, "Saura." Malam Madori, Birniwa, Nguru. Ya ce, "Madalla, to dawo da mu Kano." Haka ya yi ta kai ni yana dawo da ni har muka hango tasha. Cikin masu turawar akwai wani ɗan Kafanchan, Kirista, yana tasa addu'ar da yarensu yana haki, sauran suna ta hasbunallahu. Kyamarata kuwa Baba ya rataya a wuyansa, ya cusa ta cikin riga saboda ƙura. Da aka dawo mini da ita ko ƙwarzane babu.

Tashamasta, na gode da motar da ka nemo cikin gaggawa. Hajiya mai banda, wadda ke kawo busasshen kifi daga Nguru, ban san ki ba, ba ki san ni ba, kika kwance bakin zaninki kika ba da kuɗin cinikinki a sayi allurar maganin dafi ta farko. Allah Ya yi wa kasuwarki albarka, Ya raya miki zuri'a, Ya sa ki gama da duniya lafiya. Ma'aikaciyar jinyar da ta ɗebi jinina ta zuba a 'yar kwalba, ta jira minti ashirin, ta karkata ta ga yana nan ruwa, amma ta dube ni ta ce za a shawo kansa, ke ma na gode. Waɗanda suka ba da jini, da waɗanda suka haɗa kuɗi a Facebook, da malaman da suka sa almajirai karatu, Allah Ya san ku ɗaya bayan ɗaya.

Ina kwance mutane da dama suka ce in haƙura da wannan aiki. Na san ƙauna ce ta sa, amma ban iya ba. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. A kansa gyaɗa da auduga da fata suka yi kudu, goro da gishiri da kananzir suka yo arewa, a gefensa garuruwa suka tashi. Je ka duba tsofaffin hotuna, za ka ga dalar gyaɗa, za ka ga kan jirgi yana hayaƙi, za ka ga Bature da hularsa. Wanda ya ɗaure notin, da wanda ya cusa tsakuwa ƙarƙashin dogon, da mai tsayawa da tuta a mararraba cikin hunturu, in ma sun fito to daga can nesa ne, ba a ko gane fuskarsu. Fuskokin nan na fita nema, kuma masu su ne suka ɗauke ni a kan kura.

Ranar buɗe baje kolin tsofaffin reluwe suka zo daga Zariya da Kaduna da Minna, wasu da tsohuwar hular aiki. Wani dattijo da ya yi aikin zuba kwal ɗin Inugu a kan jirgi zamanin tururi ya tsaya gaban hoton hannuwansa, ya juya nasa yana dubawa yana kwatantawa, sannan ya kira jikarsa ya nuna mata tabon ƙuna. Wani ya zaunar da samari yana ba su labarin yajin aikin 1945 da Michael Imoudu ya jagoranta, ya ce mahaifinsa na cikin waɗanda suka ajiye aiki. Yawancinsu maganar fansho ce a bakinsu, kuma ina roƙon duk mai iko a kai ya dube su tun suna raye. Ma'aikatan layin Abuja zuwa Kaduna, ku da kuka koma bakin aiki a Disamban 2022 bayan harin da aka kai wa jirgi ranar 28 ga Maris kusa da Katari, na gode da kuka yarda da ni. Ɗayanku ya ce in ɗauke shi ta baya kawai, mahaifiyarsa ba ta so ya koma ba. Haka na yi, kuma a gaban hoton nan mutane suka fi daɗewa.

Hajiyata da ta kwana kan sallaya, da maiɗakina da ta kwana kan tabarma a barandar asibiti da goyo, da ƙanena da ya rufe shagonsa, ba ni da bakin gode muku. Akwai kuma na jini da muke gari ɗaya da su, ko waya ban gani ba, har mutanen Birniwa suka riga su zuwa dubiya. Ba komai, wataƙila uzuri ne ya riƙe su, Allah Ya bar zumunci.

Ya Allah, Ka tsare masu aikin dogo daga maciji da ɗan bindiga da haɗari. Ka jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki da waɗanda suka rasu suna jiran haƙƙinsu. Ka ba marasa lafiya lafiya, Ka yaye wa masu bashi, Ka kai Baba Heluma da yaransa ɗakinKa mai alfarma, Ka sa 'ya'yansu su ji ƙansu. Amin summa amin.

Duk wanda na ɗauka zai sami hotonsa a wanke, kyauta. Na mutanen Gagarawa da Malam Madori da hannuna zan kai in likita ya ba ni izinin tafiya, sauran za a aika ta tashoshinku. Wanda kuma yake da tsohon hoton mahaifinsa ko kakansa na aikin reluwe ya yi mini magana ta inbos, zan kwafa in mayar masa da abinsa. Na gode, na gode, Allah Ya saka da alheri.