Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gyaren da Ke Kunnena

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya ne a ranar da takardar kwamitin likitoci ta iso gida. Layi uku ne kacal. Sun ce kurumtar da ke damuna ta shekaru ce, ba ta da alaƙa da aikin soja, don haka babu kuɗin nakasa a kan fanshona.

Na daɗe zaune a kan tabarma da takardar a hannu. Ni na san ranar da kunnen nan ya tafi. Ranar 6 ga Janairun 1999 'yan tawaye suka kutsa Freetown, babban birnin Saliyo, muna cikin ECOMOG, dakarun kiyaye zaman lafiya na ƙasashen Afirka ta Yamma. Ni ɗan igwa ne. Kwana da kwanaki muna harbi, ba abin toshe kunne sai audugar da mutum ya samu, in bai samu ba ya sa yatsa. Wata asuba na farka da wani kuka a kunnen hagu, kamar gyare ya shige ciki ya yi gida. Har yau bai fita ba. Da dare in gari ya yi tsit, shi ne abokin kwanana.

To amma a wancan lokaci wa zai je ya ce wa oga kunnensa na ciwo, alhali ana kwasar waɗanda suka rasa ƙafa? Kunya ma ba za ta bar ka ba. Wanda jininsa ya zuba an rubuta shi a fayil. Ni nawa ciwon bai zubar da jini ba, shi ya sa fayil ɗina ya fito fes, kuma wannan ne ya zame mini abin kayarwa.

'Yata ta fari ce ta ƙi yarda. "Baba, ana ɗaukaka ƙara, wallahi ba za mu bari ba." Ta kai ni wurin likitan kunne. Aka sa ni wani ɗan ɗaki kamar akwati, aka ɗora mini abin saurare a ka, aka ba ni maɓalli in danna duk sanda na ji ƙara. Na zauna ina jira, ina jira. Ta gilashi na hango yarinyar tana share hawaye da bakin hijabinta. Ashe tun ɗazu ake sakin ƙarar.

Likitan, Allah ya saka masa da alheri, ya juyo da takardar gwajin yana bi da biro. Ya ce, "Baba, dubi nan. Kurumtar tsufa a hankali take gangarowa, kuma yawanci kunne biyu take ci daidai. Taka ta faɗa rami a wajen 4000 a ma'aunin kaifin sauti, sannan ta ɗan ɗago. Wannan ramin mun fi ganinsa ga wanda ƙara mai ƙarfi ta daka." Ya ce zai rubuta haka, amma ba zai iya rantsewa cewa igwa ce ba, tunda injin niƙa ma yana yin irinsa. Sai na kawo shaidar da ta fito daga lokacin da nake aiki.

Daren nan uwargida ta jawo tsohuwar akwatin ƙarfena daga ƙarƙashin gado. Ƙamshin kafur ya cika ɗaki. Ƙarƙashin hular soja da hotuna ta zaro wani ɗan kati da ya yi ja, gefensa gara ta ci. "Malam, wannan fa?" Katin asibitin sansani ne na Lungi, kusa da Freetown, watan Fabrairun 1999, da lambata ta soja a sama. Wani ma'aikacin jinya ya rubuta ciwon kunne da zubar ruwa, ya ba ni maganin ɗigawa. Na manta sam na taɓa zuwa wurin.

Muka yi hotonsa kwafi biyar, na asalin kuma ta naɗe shi a leda ta ce ba mai taɓa shi. Saura wanda zai shaida cewa ina bakin igwar a ranakun nan. A cikin waɗanda muka yi aiki tare, mutum ɗaya na san yana raye, wani saje mutumin Zuru, rabona da shi shekara goma sha biyar. Ranar Asabar na kama hanyar Kebbi ba tare da ko lambar wayarsa ba. Yadda na same shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.