Jiran Alkawarin Allah Kafin Kirsimeti

A waɗannan Lahadi huɗu da ke gaban Kirsimeti, yayin da hunturu ya sauka a Zuru ana zuba dawa a rumbu, zuciyata tana komawa ga Littafin Annabi Mika 5:2, inda aka ambaci Baitalami a matsayin garin da Almasihu zai fito, kimanin shekara 700 kafin haihuwar Yesu. Ibrahim ma yana da shekara 75 Allah ya yi masa alkawarin zuriya, sai da ya kai 100 ya rungumi ɗansa Ishaku.

Ina tuna wannan saboda 'yan'uwanmu waɗanda rashin tsaro ya hana su girbi, amma ba su fasa zuwa majami'a ba. Littafin Ƙidaya 23:19 ya ce Allah ba mutum ba ne da zai yi ƙarya, kuma da wannan aya nake yi musu addu'a kowace safiya.