Gwajin da Na Ƙi Karɓar Kuɗinsa

Shekara 11 ke nan ina riƙe da ɗan ƙaramin ɗakin gwajin jini a Zariya, ni da ma'aikata uku. Abincinmu na kullum maleriya ce da taifot da suga, sai jinotayif na masu shirin aure, wanda ke cika mana benci duk bayan sallah.

Wata Laraba wani dattijo, tsohon direban tirela, ya zauna shiru har layi ya watse. Sannan ya matso, ya miƙo mini waya da yatsun da taba ta rina, ya kunna wani bidiyo.

"Ɗana, saurari wannan. Wai in namiji ya tsufa, abin da ya mai da shi namiji zubewa yake daga jininsa, har ya koma jin kansa mace. Ka auna ni, ko nawa ne."

Har ya fara kwance bakin aljihu. Na ce, "Baba, ku mayar da kuɗinku. Ba mu da na'urar wannan gwajin, kuma ba ku buƙatarsa."

Maganar tana da tushe, shi ya sa take kama mutane. Ƙwayar halittar mutum na ɗauke da kuromozom 46, wato ƙunshin bayanan gado, a cikinsu namiji yana da biyu da ake kira X da Y. Tun 1963 aka lura cewa wasu fararen ƙwayoyin jinin tsofaffi maza suna rasa Y, kuma a cikin waɗanda suka kai shekara 70 ana samun haka a wajen kashi 40 cikin ɗari. Amma wasu ƙwayoyi ne cikin jini, ba jiki duka ba. Babban aikin Y na tsara halittar namiji kuwa tun a mahaifa ya gama shi, wajen mako na bakwai da shigar ciki. Babu binciken da ya nuna rashinsa a tsufa yana sauya yadda mutum ke jin kansa, namiji ko mace. Wannan ƙarin gishirin mai bidiyo ne, kuma yana ɓata mini rai, domin masu furfura yake hana barci.

Abin da ya fi damuna daban ne. Masana a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun danganta wannan rashi da cutar kansa da gajeren kwana a 2014, suka kuma gano ya fi yawa ga masu shan taba. A 2022 gwaji kan ɓeraye a Jami'ar Bajiniya ta Amurka ya nuna yana sa tsokar zuciya ta yi tabo.

Na tambayi dattijon karan taba nawa yake sha. Ya ce kwali ɗaya a yini, tun zamanin Shagari.

Na ɗaura masa abin awon hawan jini, ya nuna 170 bisa 100. Sugansa lafiya lau, shi kaɗai na karɓi kuɗinsa. Na rubuta masa takarda zuwa wurin likita, na roƙe shi kada ta kwana biyu a aljihu. Bayan mako uku ya dawo da katin asibiti a hannu, ya jawo wani abokinsa na tasha, ya ce shi ma a ɗaura masa.